Kitson da Kaka Ba Ta Ƙarasa Ba

Tun ina da cikin yaron nan nake ɗauke da wani tsoro da ban gaya wa kowa ba, har mijina. Ba tsoron naƙuda nake nufi ba, wannan kowace mace ta san shi. Tsorona shi ne kada wani abu ya sami ɗana a gaban idona, ina kallo, amma ban gani ba. Karatuna bai yi nisa ba, a firamare na tsaya. Idan na je awo, ma'aikaciyar jinya ta yi bayani da sauri, sai in gyaɗa kai kamar na gane, in dawo gida in yi ta juya maganar ni kaɗai. Ina cewa a raina, matan da suka yi karatu za su gane alamar ciwo tun da wuri, ni fa? Shi ya sa da na haihu na zama mai yawan dube-dube. In duba idonsa, in duba harshensa, in taɓa maɗigarsa, in shinshina bakinsa. Mijina har tsokanata yake yi, wai na mai da yaro shinkafar da ake tsincewa.

Wata ranar Lahadi ƙanwar mijina ta kawo mana ziyara a ɗakin da muke haya a Unguwar Sarki. Tana taya ni wanke-wanke sai babban tiren ƙarfe ya suɓuce mata ya faɗi a kan siminti. Kajin maƙwabta suka watse, ni kaina sai da gabana ya faɗi. Yaron, wanda ya kusa shekara biyu, yana zaune ya ba mu baya, yana wasa da murfin gora. Bai juyo ba. Ko kafaɗarsa ba ta motsa ba.

Ƙanwar mijina ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Anti, yaron nan kuwa yana ji?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce mata ji kamar yaya, yaro ne mai haƙuri irin babansa. Na ce ai kowa a gidan nan ya san shi, ko janareto aka tayar a bakin taga barcinsa yake yi. Da ma na daɗe ina alfahari da wannan a gaban mata, ina cewa Allah ya ba ni ɗa marar firgita. Na yi ta magana, muryata tana hawa, kuma duk kalmar da na ƙara sai in ji na ƙara yarda da ita. Yarinyar ta ba ni haƙuri, ta ɗauki jakarta ta tafi.

Sai bayan ta fita na lura da yadda nake tsaye. Hannu biyu a ƙugu, ƙirji a gaba, haɓa a sama, alhali ba kowa a tsakar gidan sai ni da yaron da kaji. Na san tsayuwar nan. Ta Mama ce. Na taɓa ganinta ina yarinya, kuma na san abin da ya biyo bayanta.

A Hayin Banki na tashi, a gidan haya mai ɗakuna a jere da rijiya a tsakiya. Babanmu direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanyar Kudu, don haka gidan namu na mata ne: Mama, da mahaifiyarta da muke kira Kaka, da ni, da ƙanena. A ɗakin da ke kallon namu akwai wata malamar firamare 'yar kudancin Kaduna da mijinta ma'aikacin ofis. Mu dai Malama muke ce mata. Ita ce take duba mana aikin gida, Mama kuma ita take kwashe mata shanya idan hadari ya taso tana makaranta.

Kaka kitso take yi. A ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano take shimfiɗa tabarma, ta jera kibiya da mataji da gwangwanin man kaɗanya. Har yau idan na ji ƙanshin man kaɗanya a rana, sai in ji kamar zan ji muryarta. Da damina ruwa yana dukan kwanon har sai an ɗaga murya, da zafi kuma kwanon yana ƙara kamar ana taka shi. Sauran masu kitso na unguwar sun koma zaunar da mace a tsakanin ƙafafunsu, amma Kaka ba ta yarda ba. Ita sai kin kwanta a tabarma kin ɗora kai a cinyarta, wani lokaci a gefe, wani lokaci rigingine idan za ta yi gaban goshi. Cewa take yi haka ta koya, kuma hannunta bai san wata hanya ba.

Ni yarinya ce mai son zama kusa da manya, ina wasa da 'yar tsanata ina sauraro. A nan na fara lura da wani abu da ban iya ba shi suna ba. Mace za ta shigo da sallama, ta zauna a bakin tabarma tana jiran layi, bayanta a miƙe, tana ba da labari da hannu biyu. Wata na tuna ta sayi atamfar biki, ta rasa wadda za ta ɗauka tsakanin koriya da ja, ƙarshe ta ɗauki koriya. Tana zaune ta yi ta yabon koriyar nan, wai jar ma zuba take yi, wai ja kayan 'yan ƙauye ne. Da layi ya zo kanta ta kwanta, Kaka ta fara tsifa, sai maganar ta yi ta raguwa. Can ta yi ajiyar zuciya, ta ce wa rufin kwano, "Wallahi Kaka da jar nan na ɗauka." Duk matan suka kwashe da dariya, har da ita.

Wata kuma mijinta ya sami ƙarin girma suka koma Unguwar Rimi, amma ba ta daina zuwa kitso wurin Kaka ba. A zaune, ba ta da magana sai ta gida mai katanga da famfo a cikin ɗaki, da yadda ta huta da hayaniya. A kwance kuwa, kanta a cinyar Kaka, sai ta ce a can mutum zai wuni da zazzaɓi ba wanda zai leƙo ya ce sannu.

Na taɓa tambayar Kaka ko wani abu take sa wa a man da ke sa mata su canza magana. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Ke dai akwai ido. Ba na sa komai. Mutum in yana tsaye ya turo ƙirji, faɗa yake yi, ko da shi kaɗai ne, yana kare abin da ya riga ya yi. In bayansa ya taɓa ƙasa sai ya gaji da faɗan." Ban gane sosai ba a lokacin. Abin da na sani shi ne, ita ɗin dai da take kwantar da manya ba ta yarda mu yara mu kwanta idan akwai abin yi. In ta ga ƙanena ya kishingiɗa da littafin Islamiyya a ƙirji, sai ta daka masa tsawa ya tashi ya sa ƙafa a ƙasa ya matso gaba, wai hadda ba ta shiga kan wanda ya jingina. Ita ma idan kitso ya zo wurin da ke da wuya, sai ka ga ta ja jiki gaba, ta sunkuya, hira ta tsaya.

A wata bazara, lokacin da mangwaro ya nuna kuma zafi ya hana kowa sakat, ƙanena ya hau katanga zai tsinko na maƙwabta, ya faɗo a kan hannunsa. Baba yana hanya. Malama ta ce a tafi asibiti, wasu mata suka ce a kai shi wurin mai ɗori da ke bayan layinmu. Mama ta tsaya a tsakiya tana rarraba ido, yaro yana ihu, ƙarshe ta saɓe shi ta nufi wurin mai ɗori. Ba zan ce mutumin bai iya ba, ya ɗora mutane da yawa sun warke. Ya ja hannun, ya jera 'yan sanduna, ya ɗaure tam da tsumma, ya ce kada a kwance.

Washegari yatsun suka kumbura. Bayan nan suka fara canza launi. Ƙanena ya daina ihu ya koma wani irin nishi, kuma ya daina cin abinci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yabon mai ɗorin ya yi ta girma a bakin Mama daidai da yadda yatsun suke girma. Ranar farko cewa ta yi, an ce ya iya. Da yatsun suka kumbura sai ta ce ai gadon gidansu ne tun kaka da kakanni. Da suka yi duhu sai ta ce har likitoci 'ya'yansu wurinsa suke kaiwa a ɓoye. Ina tare da ita ko'ina, na san ba wanda ya gaya mata haka. Ba ƙarya take yi ba kuma, don idonta ya nuna ta yarda da abin da take faɗa.

Malama ta zo ta durƙusa ta duba hannun, ta ce, "Maman yara, don Allah dubi yatsun nan. Mu je asibiti, ni zan raka ki."

Mama tana gaban murhu da muciya a hannu. Ta juyo, ta riƙe ƙugu da ɗaya hannun, ta ce, "Asibiti? Su yanke masa hannu su ba ni a leda? Kumburi ai alamar ƙashi yana kamawa ne. Ke ɗanki ne ko nawa?"

Malama ta koma ɗakinta ta saki labule. Ban taɓa jin Mama ta yi wa matar nan irin wannan magana ba. Mata biyu na gidan suka gwada sa baki, amma kowa ya zo tsaye yake samunta, tsaye kuma suke yi, kuma duk wanda ya tafi sai ya bar ta ta fi dā tauri.

Kaka duk tana gani, ba ta tanka ba. Sai ranar Asabar da hantsi, kafin masu kitso su fara zuwa, ta shimfiɗa tabarmarta ta buɗe gwangwanin mai, ta ce, "Ke, zo nan. Kan nan naki ya zama sheƙar tsuntsu. Mijinki zai dawo ya ce na bar masa mata kamar an koro ta."

Mama ta ce, "Haba Inna, ina ni ina kitso yanzu?"

"Kwanta dai."

Mama ta kwanta tana gunaguni. Ta ci gaba da maganarta daga kwance, wai mutane sun sa mata ido, wai Malama don ta yi boko take ganin kowa jahili ne. Kaka ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai "uhm" kawai. Ta tsefe tsohon kitson, ta taje, ta bi kowace tsaga da mai, ta fara kitsawa daga gefen dama. Da ta zo wajen goshi sai ta juya Mama rigingine. Na ga hannayen Mama, da tun da ta kwanta suke yawo a iska, sun sauka sun kwanta a kan cikinta. Maganar ta yi ƙasa, ta rarrabu, ta tsaya. Ba abin da ake ji sai injin markaɗe daga bakin titi da nishin ƙanena daga ɗaki.

Can Mama ta ce, "Inna."

"Na'am."

"Ɗazu na taɓa yatsunsa, sanyi ƙalau. Na matsa farcen, bai ji ba."

"Na gani."

"Ni na kai shi, Inna. Da ƙafata."

Kaka ba ta daina kitsawa ba. Ta ce, "Ke kika kai shi, don kina so ya warke. Har yanzu kuma abin da kike so ke nan."

Hawaye suka gangaro ta gefen idon Mama suka shiga kunnuwanta. Ta juya ta cusa fuska a cikin Kaka kamar ƙaramar yarinya. Ni kuwa na ƙanƙame 'yar tsanata, don ban taɓa sanin uwa ma tana da wurin da take ɓoye fuska ba.

Kaka ta bar ta ta yi kukan kaɗan. Sai ta soke kibiya a ɗankwalinta, ta zare cinyarta, ta tura kafaɗun Mama sama. Ta ce, "In na bar ki a nan, kuka za ki yi ta yi har la'asar. Tashi zauna." Ta jawo 'yar kujera ta ɗora ta a kai, ta sa ta dire ƙafa biyu a ƙasa, ta kama wuyan hannayenta ta jawo ta gaba har gwiwar hannunta ta sauka a kan gwiwoyinta. Ta ce, "To, wa za ki fara kira?"

Mama ta share fuska da bayan hannu, ta ce, "Malama."

Rabin kanta a kitse, rabi a tsaye kamar shiɓar auduga, haka ta zura hijabi ta je ta tsaya a bakin labulen nan. Ba ta gama sallama ba Malama ta fito da takalmi a ƙafa da jaka a kafaɗa. Ashe tun safe take a shirye, jira kawai take yi. Suka ɗauki yaron suka fita neman mota ta wajen Kawo.

An kwantar da shi ya ɗan jima a asibiti. Ba a yanke hannun ba. Ƙaramin yatsansa da na kusa da shi ne dai har yau ba sa lanƙwashewa sosai, amma da hannun yake tuƙa keken hayar da yake ci da iyalinsa da shi. Malama ce take kai musu kunu kowace safiya kafin ta wuce makaranta. Mama ta so ta ba ta haƙuri, sai Malama ta ce, "Bari kawai, ni ma uwa ce." A can asibitin wata mai jinya ta ga kan Mama ta tausaya mata, ta tsefe rabin ta yi mata manyan kalaba. Da suka dawo gida Kaka ta ɗaga ɗankwalin ta leƙa, ta ce, "Wace marar tsoron Allah ce ta ɓata mini aiki?" Ranar ce na fara jin dariyar Mama tun faɗuwar yaron.

Kaka ta rasu a daminar da ta gabaci aurena. An rushe rumfar, an yi shago a wurin. Yanzu kitso a shagon gyaran gashi muke yi, a kan kujera mai tsawo, a gaban madubi, kowa da waya a hannu. Kitson yana kyau, ba zan ƙi faɗa ba. Amma mace tana zaune a miƙe tana kallon fuskarta, wasu kuma suna kallonta ta cikin madubin, ina za ta iya cewa ta yi kuskure? A nan ma sai dai ki ji kowa tana yabon abin da ta zaɓa, mijinta, da unguwarta, da makarantar 'ya'yanta. A gida kuma wa yake da lokacin da zai ba ki cinya? Mama tana Hayin Banki da ciwon ƙafa, ni ina nan, sai gaisuwa a waya.

Kada ki ɗauka da na tuna duk wannan sai na gyara nan take. Ban gyara ba. Kwanaki na yi ina gwada yaron a ɓoye. In lallaɓa ta bayansa in tafa hannu, in ya juyo, wataƙila don inuwata da ya gani ko iskar tafin, sai in ruga in gaya wa mijina, ka gani ko, yana ji sarai. In bai juyo ba sai in ce wasa ne ya ɗauke masa hankali. Ni mai tsince ɗa kamar shinkafa, na ga komai, wannan ɗaya ne na ƙi gani.

Wata rana bayan azahar an ɗauke wuta, zafi ya yi yawa, bayana yana ciwo saboda wanki. Na kwanta rigingine a kan siminti don in sha sanyinsa, ba don komai ba. Ina kallon tabon da yoyon damina ya bari a silin, ina 'yar waƙar da nake yi masa ta barci. Yaron ya rarrafo ya hau cikina, ya ɗora tafin hannunsa a maƙogwarona. Ina waƙa yana dariya. Da na yi shiru sai ya bubbuga wurin, ya dubi bakina, yana jira. Na ci gaba, ya sake dariya. Kullum yana yin haka, tun yana ƙarami, ni kuma na ɗauka wasa ne. A kwancen nan, ba wanda nake gardama da shi, sai abin ya zo mini a hankali ya zauna. Da hannu yake jin muryata.

Na faɗa a fili, ni da silin: "Ɗana ba ya ji."

Na so in kwanta a wurin har duhu ya same ni. Jikina ya yi nauyi, kamar simintin ya riƙe ni. Amma na san kwanciya ta gama nata aikin. Na tashi, na wanke fuska, na goya shi, na ɗauki kujera na kai bakin ƙofa na zauna a gefenta, ƙafa a ƙasa. A haka mijina ya dawo daga shagon kafinta ya same ni, da ƙurar katako a gashinsa.

Ya ce, "Lafiya? Kin zauna kamar mai jiran mota."

Na ce, "Ita nake jira. Gobe asibiti za mu kai shi."

Ya ajiye ledar hannunsa ya tsuguna a gabana. Ya ce shi ma ya daɗe yana kiran yaron ta baya idan ba na nan. Ya ce, "Na ga yadda kika tsaya a kan maganar, sai na kasa."

Mun je. Sun gwada shi da na'urori, sun ce kunnen hagu kusan babu, na dama akwai saura. Sun ce za a sa masa abin ƙara ji, kuma za a koya mana yadda za mu riƙa yi masa magana. Likitar ta yi bayani da sauri, ni kuma a karon farko na ja kujerata gaba na ce, don Allah ki maimaita, ban gane ba. Ta maimaita. Na kira ƙanwar mijina na gode mata. Ban san yadda maganarsa za ta kasance ba, ban san wace makaranta za ta karɓe shi ba, kuma tsoro bai bar ni ba, ya dai canza kama. Muna zuwa, muna dawowa, muna addu'a.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan kika haɗu da mu a layin asibiti, ko a cikin keke, ko a bakin kasuwa, kika gaishe da ɗana bai amsa ba, kada ki ɗaga murya, kada kuma ki ce ba a koya masa gaisuwa ba. Ki zagayo ta gabansa, ki tsuguna har fuskarki ta zo daidai da tasa, ki gaishe shi a hankali yana kallon bakinki. In ya miƙo hannu zai taɓa wuyanki, don Allah ki bar shi ya taɓa.